Filastar Baba da Takalmi Ƙafa Ɗaya

Asabar, 2 ga Sha'aban, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Wata huɗu Baba yana ɗingishi yana cewa ba komai, sai da na yi masa kuka sannan ya yarda ya shiga mota. Mu'minat, matar da ta duba shi a sashen gashin ƙashi, ta danna masa dunduniyar dama da babban yatsanta, sai ga Malam Dalhatu, limamin unguwarmu ta Fassi, mai shekara saba'in da huɗu, ya zabura a kan gado. Ta ce ba ƙaya ba ce, ba kuma ƙashi ba ne. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta shimfiɗu daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce ta gaji. Shi ya sa takun farko da asuba yake ji kamar ya taka ƙusa.

Ta ce ya daina yawo ba takalmi a kan siminti, ya riƙa dafa bango yana miƙe sharaɓa, sannan a riƙa ɗaure masa tafin da filasta don jijiyar ta huta. Ni aka koya wa ɗaurin, tunda ni ce ta kusa. Bari in rubuta kar in manta. A wanke ƙafa a tsane ta sarai. Ziri ɗaya dogo ya zagayo bayan dunduniya, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gindin babba. Sannan gajeru biyar a gicciye ƙarƙashin tafin, daga waje a jawo ciki, kowanne ya hau rabin ɗan'uwansa. Kada a matse har yatsu su yi sanyi. Bayan kwana uku ko huɗu a canza.

Da ya taka bayan an ɗaura, na ga fuskarsa ta saki. Na ce, “Baba, yaya?” Ya ce, “To, ba laifi.” A bakin Baba wannan yabo ne mai yawa.

Lahadi, 3 ga Sha'aban, hantsi

Alhaji Mato, babban dattijon masallacin Baba, ya zo gidanmu nan Rano. Ba wajena ya zo ba, wajen mijina Baban Salma ya zo. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, shi kuwa Alhaji bai iya magana a hankali ba, don haka ban yi laɓe ba, maganar ce ta same ni.

Ya ce dattawa sun zauna. Malam ya kai ga sai ya jingina da bango a tsayuwa, kuma shi da kansa ya karantar da su cewa mai zaune ba ya jan masu tsaye. Idan watan azumi ya tsaya bai iya tsayuwar asham ba, za su nemi ya huta baki ɗaya. “Kuma kai muke so, Malam Amiru. Almajirinsa ne kai, surukinsa ne kai, ba a fita daga gida ba.”

Shekara arba'in da ɗaya Baba yana gaban sahun nan. Na ajiye faranti ina jira in ji mijina ya ce a'uzubillahi. Abin da ya ce shi ne, “Allah ya ba Malam lafiya.” Shi ke nan.

Na kai masa abinci, na ajiye, na fito. Saura kwana ashirin da shida azumi.

Talata, 5 ga Sha'aban, yamma

Na tashi daga makaranta ƙarfe biyu, ko gida ban biya ba, na hau mota zuwa Kibiya, na hau babur zuwa Fassi. Na tarar da ƙafa fes. Babu filasta.

“Baba, ina take?”

“Ta fita.”

“Ita kaɗai?”

“To, kin gan ni ina riƙe da ita?”

Na sake ɗaurawa. Na ce ƙila zufa ce.

Laraba, 6 ga Sha'aban, azahar

Baban Salma ya tambaye ni jikin Malam. Na ce da sauƙi, ban ƙara ko harafi ba.

Juma'a, 8 ga Sha'aban, bayan la'asar

Babu filasta.

Wannan karon wai ta kama tabarma. Na dubi tabarmar, na dubi Baba, shi kuma ya dubi carbinsa. Na sayo wata mai ƙarfi a kemis, irin wadda in ta kama gashin ƙafa sai an yi salati. Na goge tafin da kyau, na tsane shi, na ɗaura, har na ƙara ziri ɗaya a sama don mugunta.

Inna Kulu, matar Baba, ta ja ni ɗakin girki. Ita tun farko ba ta yarda da zancen jijiya ba. Ta ce, “Safiya, ke dai kin yi boko. Mutum lafiyarsa ƙalau, rana ɗaya ya tashi kamar ya taka ƙusa, a duba babu ƙusa? Sawunsa aka ɗauka. Wani ne ke son wurin nan.” Na ce, “Inna, don Allah ki bari. Jijiya ce, a gabana aka danna.” Ta ce, “To, Allah ya sa,” da irin muryar da take yi wa mai tallan da ya rantse man gyaɗarsa ba haɗi.

Ni da nake koya wa yara tsaftar jiki da ƙwayoyin cuta, a ce in zauna ina sauraron ɗaukar sawu. Na sha ruwa na kama hanya.

Lahadi, 10 ga Sha'aban, safe

Na yi sammako don in rutsa shi. Na rutsa ƙafar dai, ita kuma tsirara. Babu filasta.

Ya fito daga ɗaki yana dafa bango, yana taka gefen ƙafa kamar mai tsallake garwashi. Da ya gan ni sai ya saki bangon ya miƙe, wai shi lafiyayye. Gumi ya keto masa a goshi. Na so in yi faɗa, sai tausayi ya hana ni, kuma wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Talata, 12 ga Sha'aban, yamma

Na gano.

Na zaga bayan zaure zan wanke hannu, wurin dutsen da yake zama ya yi alwala. Ga su nan a jikin bango. Duk zirin da na taɓa ɗaura masa, an liƙe su a jere, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda, tsaf kamar allunan ɗalibai. Bai ma yar da su ba, don Baba ba ya almubazzaranci. Ashe ko wuni ɗaya ba sa yi. Ina juya baya, sallah ta gaba in ta zo, sai ya ɓare.

Na shiga zaure na durƙusa, don ko ina tafasa ba na yi masa magana a tsaye.

“Baba, kai ka karantar da mu cewa mai ɗauri a jiki yana shafa a kai. Ina 'yar shekara goma na ji shi a zauren nan.”

“Kin riƙe karatu,” in ji shi. “Amma rabi kika riƙe. Wannan hukuncin mai rauni ne, wanda ruwa zai cuta. Ni ina raunina? Jini kika gani ko karaya? Ruwa ba ya cutar ƙafata, filastarku yake cuta.”

“Likita ce ta ce a sa, ai lalura ce.”

“Ƙila lalura ce, ƙila ba ita ba ce. Da ni kaɗai ne, da na bi ƙila. Mutum sittin ne a bayana, Safiya. In tsaya gabansu da alwalar da nake shakka? In na ɓata tawa, tasu fa?”

“To in ba ka bari ta zauna ba, ba za ka tsaya gabansu ba sam. Ka san abin da su Alhaji Mato suka yanke?”

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, “Na sani.” Ya miƙo mini ƙafar, wai in ɗaura in ina so. Na ɗaura, ina sane da cewa magariba ce ajalinta.

Laraba, 13 ga Sha'aban, bayan azahar

Na kira Mu'minat. Na san na ɗaga murya, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na zayyana mata komai, bango da zirin da alwalar. Ta yi dariya, sannan ta ba ni haƙuri. Ta ce ɓarewa sau biyar a rana zai saɓule masa fata, ga shi jijiyar ba ta samun hutun da ake nema. Ta ce in samo malamin da zai yi masa bayani. Na ce, “Baiwar Allah, shi ne malamin.”

Baban Salma na zaune gindin darbejiya yana duba takardun ɗalibansa. Duk ya ji. Bai ɗago kai ba. Mutum kamar randa, ka zuba magana ka leƙa, shiru.

Asabar, 16 ga Sha'aban, yamma

Yau da asuba Baba ya kasa. Ya tayar da kabbara, ya kai rabin Fatiha, ƙafar ta ƙi. Ya ja na bayansa gaba, shi ya koma sahu ya ƙarasa a zaune. Inna ce ta faɗa mini, shi ko ɗaga zancen bai yi ba.

Abin da yake ta faɗa a kai daban ne. Jiya Juma'a bayan la'asar an ɗauke masa tsohon takalminsa na fata a ƙofar masallaci, kuma ƙafa ɗaya, ta dama. “Wane irin ɓarawo ne wannan? Ya ɗauki biyun mana ya amfana.” Ya dawo gida da silifas ɗin ladan.

Inna kallona kawai ta yi, ta ɗaga gira. Na ce akuya ce ko yara. Ta ce, “Akuya mai sanin dama da hagu.”

Ta kuma ce jiya surukinta ya zo ya bi la'asar, ya gaishe su a tsaitsaye ya tafi. Ni bai faɗa mini zai je Fassi ba. Ko da yake yaushe rabon da in tsaya ya faɗa mini wani abu.

Babu filasta, in ma akwai mai tambaya.

Litinin, 18 ga Sha'aban, hantsi

Ban je makaranta ba. Ina neman jan biro na buɗe jakar da Baban Salma yake ratayawa a babur. A ƙasan takardu, cikin baƙar leda, ga takalmin Baba. Na dama.

Na mayar na rufe. Ba zan rubuta abin da ya zo mini a rai ba. Ni malamar makaranta ce.

Talata, 19 ga Sha'aban, safe

Na kwana ɗakin Salma, tunda tana makarantar kwana. Na ce masa zafi ne ya yi yawa a namu.

Laraba, 20 ga Sha'aban, la'asar

Jijiya ce. A gabana aka danna. Tun wata huɗu take ciwo, takalmi kuwa kwana biyar da ɓata. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau ashirin yau, har a cikin aji, har na rubuta kwanan wata ba daidai ba yara suka gyara mini.

To me yake yi a jakarsa?

Sau biyu ke nan yana fita bayan azahar ba ya dawowa sai magariba. Da na leƙa jakar ɗazu, ledar ba ta nan. Ya sayo mini lemo a hanya, na ce na ƙoshi. Ban taɓa ƙin abin hannunsa ba sai yau, kuma ya lura.

Ban je Fassi ba. Ina jin kunyar idon Inna, kuma ina tsoron bakina.

Alhamis, 21 ga Sha'aban, yamma

Alhaji Mato ya sake zuwa, wai a fara shiri, saura mako guda. Na kunna rediyo da ƙarfi don kar in ji amsar. Yanzu kuma haushin kaina nake ji da ban ji ba.

Asabar, 23 ga Sha'aban, bayan la'asar

Da safe Baban Salma ya ce, “Ɗauko filastarki, Fassi za mu.” Na hau bayan babur ina riƙe da ƙarfe, ban riƙe shi ba.

Mun sami Baba a zaure. Baban Salma ya cire hula ya zauna a ƙasa nesa da buzu, yadda yake zama tun yana ɗalibi. Ya buɗe jakar. Ya fara fito da takalmin, ya ajiye. Sannan ya fito da huffi, safar fata baƙa mai laushi, sabon ɗinki, mai rufe idon sawu.

“Allah gafarta Malam, ni na ɗauki takalmin, a yafe mini. Awo na kai wa baduku. Na farko da ya ɗinka ya yi daidai da ƙafa, na ce ya sake, ya bar wurin filasta. Na san in na tambaya za a hana ni.”

Baba ya juya huffin, ya duba ɗinkin, ya shinshina fatar. “Wato karatu ka zo ka biya mini.”

“Wane ni. Tambaya na zo yi. Mutum ya yi cikakkiyar alwala da ruwa, ya wanke ƙafafunsa, aka ɗaura masa abu, ya sa huffi a kai kafin alwalar ta warware. In ya zo sabuntawa, me zai yi?”

“Shafa zai yi a kan huffin.”

“Har kwana nawa?”

“Mu a wajenmu ba a ƙayyade ba. An dai so ya cire ran Juma'a don wanka.” Baba ya ɗaga yatsa. “Amma ban da wanda ya sa don jin daɗi.”

“Malam, a zafin nan wa zai sa fata a ƙafa don daɗi?”

Baba ya yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarsa tun kafin Kano. Sannan ya tsuke fuska ya ce, “Amiru, su Mato sun zo maka.”

“Sun zo. Na ce musu ni a bayan Malam na iya sallah.”

Inna ta kawo buta. Baba ya yi alwala a gabanmu, na tsane ƙafar da tawul har tsakanin yatsu, na ɗaura dogon, na jera gajerun. Sai da na sake na uku. Aka zura huffi. Ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya ce na hagu ya ɗan matse shi. Mutum a kawo masa mafita har gida, abin da zai fara gani ke nan.

Inna ta bi takalmin da ido, ta bi ni da ido, ta shige ciki da butarta. Ni ko ɗaga kai ban iya ba.

Talata, 26 ga Sha'aban, yamma

Akwai filasta.

Ta yi baƙi, ta yi wari, gefenta ya nannaɗe, kuma wallahi ban taɓa ganin dattin da ya faranta mini rai kamar wannan ba. Na ɓare a hankali, ya yi alwala, ƙafar ta sha iska, na sabunta. Ya ce takun asuba yanzu ba ƙusa ba ne, tsakuwa ce. Na kama shi yana dafa bango yana miƙe sharaɓa, da ya gan ni sai ya yi kamar ƙadangare yake kora.

Tun Lahadi shi ke jan salloli biyar, ba jingina.

Alhamis, 28 ga Sha'aban, azahar

Na koma ɗakinmu. Bai tambayi inda zafin ya tafi ba. Da ma ya tambaya.

Asabar, 1 ga Ramadan, hantsi

An ga wata jiya. A Fassi muka kwana. Na canza masa ɗauri bayan wankan Juma'a, na yi shi kamar za a ba ni maki.

Ina sahun mata bayan labule, ba na ganin komai sai jin lasifika. Aka yi isha'i lafiya. Aka shiga asham ina ƙirga raka'a da yatsu, Allah ya yafe mini, rabin hankalina na kan dunduniya. A ta bakwai, tsakiyar sura, sai Baba ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Na ce shi ke nan, ƙafar ce, yanzu zan ji an ja wani gaba.

Sai na ji wata murya daga bayansa, ƙasa-ƙasa, ta ɗora masa kan ayar. Muryar da na fi sani a duniya. Baba ya karɓa ya wuce. Ashe ayar ce ta kuɓuce masa, ƙafar na nan daram. Ya kai goma, ya yi shafa'i da wutiri, duk a tsaye. Na jiƙa hijabina da hawaye, matar kusa da ni ta ɗauka tsoron Allah ne.

An ce Alhaji Mato ne ya fara miƙa masa hannu, har yana tambayar inda ake ɗinka irin huffin.

Yau da safe a hanyar dawowa, mun wuce Kibiya kaɗan, na ce wa Baban Salma ya tsaya. Ya tsaya gindin wata tsamiya. Da azumi a bakina ba zan iya ci gaba da riƙe shi ba. Na ce na ga takalmin a jakarsa. Ya ce ya sani, don na ɗaure ledar irin ɗaurina. Na ce ba shi ke nan ba. Na faɗa masa zancen Inna na ɗaukar sawu, na faɗa masa abin da na zarge shi da shi kwana biyar.

Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya. Ya daɗe yana kallon hanya. Sannan ya ce, “Na ɗauka fushi kike don ban kori Alhaji Mato ba.” Ya ƙara da cewa, “Shekara goma sha tara muna tare, Safiya.”

Ya tayar da babur. Muka kama hanyar Rano.

Lahadi, 2 ga Ramadan, bayan azahar

Ya sha kununa da sahur, ya ce an gode, kamar baƙo. Na nemi gafara, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban san kwana nawa irin wannan ciwon yake ɗauka ba, kuma babu wadda zan kira a Kano ta koya mini ɗaurinsa.

Baba ya bugo waya, wai huffin hagu har yanzu yana matsa masa, a gaya wa Amiru. Na gaya masa. Ya ce Talata in zan je canza filasta in jira shi, shi zai kai ni.